Dakta Yusufu Bala Usman, Masanin Tarihin Ƙasar Katsina

Yusufu Bala Usman (1945–2005) masanin tarihi ne, marubuci, malamin jami'a, kuma ɗan gwagwarmayar siyasa, haifaffen Musawa a ƙasar Katsina. Ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya zama ɗaya daga cikin jiga-jigan abin da masana ke kira mazhabar tarihi ta Zariya. A fagen ilimi an fi saninsa da littafinsa kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani tsakanin 1400 da 1883. A wajen jama'a kuwa sunansa ya fi tafiya tare da laccocinsa da rubuce-rubucensa kan mulki da tattalin arziki da addini, da rawar da ya taka a jam'iyyar PRP a Jamhuriya ta Biyu. Akwai masu raba waɗannan gida biyu, su ce ga malami ga ɗan siyasa. Amma wanda ya bi ayyukansa a jere zai tarar salon aikin guda ne: duk maganar da ta zo gabansa, ta littafin Baturen mulkin mallaka ce ko ta bakin minista, sai ya tambayi wanda ya faɗe ta, da inda ya samo ta, da wanda za ta amfana.

Asali da karatu

Ɗan sarauta ne gaba da baya. Mahaifinsa ya riƙe sarautar Durɓin Katsina, ɗan'uwa ne ga Sarkin Katsina Usman Nagogo, ɗa kuma ga Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau karaga a 1906, ya kafa gidan Sulluɓawa da ke sarautar Katsina har yau. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ke nan tsarin da ya yi ta tonawa a rubuce, yana kuma ja da shi a dandalin siyasa, a cikinsa aka haife shi, ya san shi ciki da bai tun kafin ya buɗe littafi a kansa.

Ya fara karatun boko a Musawa, ya wuce Kankiya da Minna, sannan Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya tafi Ingila, ya yi digirinsa na farko a fannin tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lancaster. Ya dawo gida a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa ta Zariya. Yana cikin wannan aiki ya fara bincike a Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, ya kammala digirin digirgir a 1974.

Ba a fahimtar Bala Usman sai an san Abdullahi Smith. Baturen Ingila ne da ya musulunta ya zauna a Nijeriya, ya koyar a Ibadan, sannan ya dawo Arewa ya aza harsashin koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne kuma ya kafa cibiyar bincike ta Gidan Arewa a Kaduna. A wata maƙala da ya buga a 1970 kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, Smith ya ƙi yarda a ɗauki labarin Bayajidda a matsayin bayanin asalin sarauta. A ganinsa daula ba baƙo ne ya zo da ita rana ɗaya ba. Ta tsiro ne a hankali, daga gida zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa da ƙasar da ke bin sa. Almajirinsa ya ɗauki wannan tunani ya gwada shi a kan ƙasa guda ɗaya, gari bayan gari.

Littafin Katsina

Sakamakon wannan bincike shi ne The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981. Littafin ya bi yadda tsarin sarauta ya kafu, yadda aka kifar da shi a jihadi, da yadda masarautar da ke ƙarƙashin Sakkwato ta maye gurbinsa. Kafin ya rubuta shi, marubucin ya karaɗe ƙasar Katsina a farkon shekarun 1970, ya ƙetara Jamhuriyar Nijar zuwa yankin Maraɗi da Tasawa, yana zama da dattawa da malamai da masu sarauta yana ɗaukar abin da suka gada a baki. Ya haɗa wannan da rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar, da rahotannin Turawa da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna.

Kafin shi, tarihin Katsina da aka saba karantawa a makaranta jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Ana farawa da Kumayau da Durɓawa, a zo kan Korau da kokawarsa da Sanau, a gangaro kan zamanin da ake kira na Haɓe, sai a ce Fulani sun zo sun ci Haɓe, sai Turawa su zo su ci Fulani. Haka H. R. Palmer ya shimfiɗa shi, haka Hogben da Kirk-Greene suka maimaita a littafinsu na masarautun Arewa na 1966. A wannan kallo, ƙabila ce ke tuƙa tarihi, kowane sauyi kuma daga waje yake zuwa. Abin lura a nan, Palmer ɗin nan shi ne jami'in da ya tsaya aka naɗa Muhammadu Dikko a 1906, sai ga jikan Dikko ya zo ya warware masa saƙa.

Bala Usman bai fara da sarki ba, da ƙasa ya fara: gulabe da fadamu, duwatsu da jigawa, inda ake samun tama, inda auduga da baba suke yi, da hanyoyin da fatake ke bi tsakanin Azbin da Kano da Nufe da Gwanja. Ya nuna cewa ƙasar Katsina ba birnin Katsina kaɗai ba ce. Akwai Katsinar Laka a kudu, akwai yankin Gulbi a arewa maso yamma, akwai tsoffin cibiyoyi irin su Durɓi ta Kusheyi da 'Yandoto da Kwatarkwashi da Gozaki da Maska, kowace da nata ginshiƙin arziki da nata masu faɗa a ji. Duwatsu sun samu wuri babba a bayaninsa, saboda sun ba mutane mafaka da ruwa, kuma an ɗauke su mazaunin iskoki, a kansu tsoffin sarautu suka jingina halascinsu. Mai karatu ɗan tsakiyar Katsina, daga Dutsin-Ma ko Kurfi ko Barkiya, zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba, tunda a irin wannan ƙasa ta duwatsu da ƙoramu masu malala cikin Karaɗuwa da Bunsuru ya tashi.

Daga nan ya bayyana abin da ya kira tsarin sarauta: sarki a birni, kewaye da masu sarauta, waɗansu 'ya'yan sarki, waɗansu bayin sarki, waɗansu shugabannin garuruwa da na sana'o'i, kowa da abin da yake karɓa da abin da yake bayarwa. Sarki ba shi da cikakken iko shi kaɗai, domin manyan masu sarauta irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka suna da hannu a zaɓensa. Wannan tsari ya fara ƙarfi daga zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ya kuma haɗa mutane masu asali dabam-dabam, Wangarawa da Barebari da Azbinawa da Fulani da Larabawa, suka zama Katsinawa. Abin da ke nuna matsayin mutum a lokacin shi ne garinsa da sana'arsa da ubangidansa. Kalmomi irin su Haɓe da Hausa-Fulani, a ganinsa, ba su bayyana yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki kansu, sai dai su rufe wa mai bincike ido.

A nan ne bayaninsa kan jihadi ya bambanta da na magabata. Bai ga yaƙin ƙabila ba. Abin da ya gani shi ne tsari da ya tsufa ya cika da saɓani: birane sun bunƙasa, fatauci ya faɗaɗa, ajin malamai ya yi ƙarfi tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, alhali sarauta tana nan jingine da al'adun iskoki da haraji iri-iri da suka yi wa manomi da makiyayi nauyi. Da kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso, mutane sun rabu ne bisa inda maslaharsu da aƙidarsu suka kai su. An samu waɗanda ba Fulani ba a cikin jama'ar Shehu, an samu Fulani a ɓangaren sarki. 'Yandoto, garin malamai da ya shahara da karatu, bai bi jama'a ba, har sai da aka ci shi da yaƙi. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna cewa rigimar ta fi ƙarfin a ce Musulmi ne da arna.

Littafin bai tsaya a faɗuwar birni a 1807 ba. Ya bi yadda jagororin jihadi uku, Ummarun Dallaje da Muhammadu Na Alhaji da Ummarun Dumyawa, suka raba iko a tsakaninsu kafin sarauta ta tabbata a gidan Dallazawa. Yadda tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa, ya ci gaba da kiran kansa Sarkin Katsina. Da yadda hare-haren ɓangarorin biyu suka tashi garuruwa suka kafa waɗansu a tsawon ƙarni na 19. Ya kuma nuna yadda sabuwar masarautar ta dawo da tsoffin sunayen sarauta sannu a hankali, ta zuba musu sababbin mutane da sabon aiki. Shaidar wannan tana nan a tsakiyar jihar har yau: hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yanɗakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina, sarautu biyu da suka girmi jihadi.

Ba littafi ba ne mai sauƙin karatu. Cike yake da sunayen garuruwa da na zuriyoyi, kuma marubucin bai damu ya yi wa mai karatu kwalliyar labari ba. Waɗansu masana sun ga ya rage wa ƙabilanci nauyi fiye da kima a ƙoƙarinsa na rushe ra'ayin Turawa. Duk da haka, shekara arba'in da ɗoriya bayan fitowarsa, mai binciken tarihin Katsina ko na Maraɗi da shi yake farawa, ko zai yarda da shi ko zai ja.

Tantance madogara

Ɗalibansa sun fi tuna shi da darasin tantance madogarar tarihi. Maƙalarsa kan Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ya ratsa Katsina tsakanin 1851 da 1854 a madadin gwamnatin Ingila, ta zama abin koyi a wannan fanni. Masana da yawa sun ɗauki abin da Barth ya rubuta tamkar yankan wuƙa, tunda ganau ne. Bala Usman ya tambayi kwana nawa ya yi, a hannun wa ya sauka, su wa suka ba shi labari, da irin ra'ayin launin fata da ya taho da shi daga Turai. Bai ce a jefar da Barth ba. Cewa ya yi a auna shi kamar yadda ake auna maganar tsoho a zaure, kada rubutu da bugun maɗaba'a su sa a ɗaga masa ƙafa. Da ma'auni ɗaya ya soki M. G. Smith, marubucin littattafai kan mulkin Zazzau da na Daura, saboda dogaro da rabe-raben ƙabila.

A wannan zango ya shirya littattafai biyu da suka tattara ayyukan masana: Studies in the History of the Sokoto Caliphate na 1979, wanda ya ƙunshi takardun taron ƙara wa juna sani da aka yi a Sakkwato a 1975, da Studies in the History of Pre-Colonial Borno na 1983, wanda suka shirya tare da Nur Alkali. A sashen nasu ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da irin su Mahmud Modibbo Tukur da George Kwanashie da Abdullahi Mahadi.

Tsarin mulki da gwamnatin Kaduna

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sa shi cikin kwamitin rubuta tsarin mulki, mai mutum 49, ƙarƙashin Rotimi Williams. Shi da Dakta Segun Osoba, masanin tarihi daga jami'ar Ife, suka ƙi sa hannu a daftarin mafi rinjaye, suka rubuta nasu rahoton a 1976. Babban abin da suka tsaya a kai shi ne haƙƙin ilimi da lafiya da aikin yi ya zama abin da talaka zai iya kai ƙara kotu a kansa, kuma a toshe hanyar da mai riƙe da muƙami zai tara dukiya da kujerarsa. Gwamnatin soja ta ajiye rahoton a gefe. An sake buga shi a 2019, lokacin da muhawarar gyaran tsarin mulki ta sake tasowa.

Laccocinsa da maƙalunsa na shekarun 1970 sun fito a littafin For the Liberation of Nigeria, wanda kamfanin New Beacon ya buga a Landan a 1979. A shekarar ce Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci zaɓen gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, Bala Usman kuma ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jiha. A lokacin ƙasar Katsina duka tana cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 aka ba ta jiharta. Gwamnatin ta soke haraji da jangali, ta kafa hukumar binciken gonakin da aka ƙwace wa talakawa, matakai biyu da suka taɓa hakimai da dagatai kai tsaye, ciki har da dangin sakataren kansa. Majalisar dokokin jihar, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Da PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, Bala Usman yana ɓangaren santsi tare da gwamnonin Kaduna da Kano.

Wata guda bayan tsige Balarabe, ranar 10 ga Yuli 1981, aka kashe abokin gwagwarmayarsa Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamnan Kano Abubakar Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano. Littafin Political Repression in Nigeria na 1982, wanda Bala Usman ya shirya, daga wannan yanayi ya fito.

Rubuce-rubucen gwagwarmaya

Da ya koma jami'a, ya mai da hankali kan durƙushewar tattalin arziki bayan faɗuwar farashin mai. A Nigeria Against the IMF na 1986, wanda ya fito bayan muhawarar karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a zamanin Janar Babangida, ya yi bayanin cewa ciwon ba ƙarancin kuɗin waje ba ne. Ciwon shi ne tattalin arziki da aka gina a kan kwangila da shigo da kaya da kamasho, inda masu kuɗi dillalan kamfanonin waje ne, ba masu ƙera komai ba. Maganin da ya kawo shi ne a gina kasuwar cikin gida, noma ya ciyar da masana'anta, masana'anta ta biya buƙatar manomi.

The Manipulation of Religion in Nigeria, 1977–1987 ya fi sauran yaɗuwa. Ya bi rigingimun shekara goma: taƙaddamar shari'a a majalisar tsara tsarin mulki, tarzomar Maitatsine da ta fara a Kano a Disamba 1980, ce-ce-ku-cen shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986, da rikicin Kafanchan na Maris 1987. Hujjarsa ita ce waɗancan dillalai, Musulminsu da Kiristansu, suna fakewa da addini don kada talaka ya gane abin da ya haɗa su, wato cin dukiyar ƙasa. Littafin ya jawo masa suka daga waɗansu malaman addini da 'yan boko, waɗanda suka ga ya mai da imanin mutane abin wasan 'yan siyasa kawai. Sukar tana da ƙamshin gaskiya ta wani gefe, domin ba kowace rigimar addini ce ake kitsawa daga sama ba. Amma tambayar da ya koya wa mutane su riƙa yi idan wuta ta tashi, wa ya ci riba, ba ta tsufa ba.

Manyan littattafansa da Turanci ya rubuta su. Ta hanyar mujallu ne ra'ayinsa ya fi isa ga masu karatun Hausa: shi da abokan tafiyarsa sun fitar da The Analyst a tsakiyar shekarun 1980, tare da takwararta ta Hausa, Fitila. Hukuma ba ta ji daɗin wannan ba. Zargin da aka riƙa yi wa malaman Zariya a lokacin shi ne suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. An kori ɗaya daga cikinsu, Patrick Wilmot, daga ƙasar a 1988, a 1989 kuma aka raba Bala Usman da aikinsa, sai da ya je kotu aka mayar da shi.

Shekarun ƙarshe

A shekarun 1990 ya kafa cibiyar bincike da horarwa kan dimokuraɗiyya a Zariya, wadda aka fi sani da CEDDERT. A ƙarƙashinta suka buga The Misrepresentation of Nigeria tare da Alkasum Abba a 2000. Lokacin kiraye-kirayen taron ƙabilu da na mallakar albarkatu sun yi ƙarfi, ana ta cewa Nijeriya kuskuren Gwamna Lugga ce ta 1914. Littafin ya mayar da martani da hujjar da aka fara gani a binciken Katsina: manyan ƙabilun da ake magana da sunansu yau ba daɗaɗɗun ƙasashe ba ne masu iyaka, sun haɗu ne sun ɗauki kamanninsu na yanzu a cikin ƙarni biyun nan, kuma kogunan Kwara da Binuwai da hanyoyin fatauci sun ɗaure yankunan da juna tun kafin Turawa. Maganar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta man fetur, inda ya ce laka da tarkacen da suka zama mai a yankin Neja Delta koguna ne suka kwaso su daga can cikin ƙasa. Masana daga yankin, musamman Farfesa Peter Ekeh, sun mayar masa da martani mai zafi a 2001, suna zarginsa da amfani da tarihi don kare maslahar Arewa. Hujjar ta mai ita ce mafi rauni a littafin, ta kuma janye hankali daga bayaninsa kan samuwar ƙabilu, wanda ya fi ta tushe nesa ba kusa ba.

Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba 2005, yana da shekara 60. Duk da yawan ɗaliban da suka zama farfesoshi ta hannunsa, da laƙabin Dakta aka san shi har ƙarshen rayuwarsa. A 2006 Cibiyar Binciken Tarihi ta Abdullahi Smith da ke Zariya ta tattara zaɓaɓɓun maƙalunsa na tarihi, ciki har da waɗanda suka daɗe suna yawo a hannun ɗalibai a matsayin takardun taro, ta buga su da sunan Beyond Fairy Tales.